Kada Ka Sa Hannu Kan Dajin Tungan Marke

Filinge, ranar Lahadi bayan la'asar

Zuwa ga ɗana Sumana,

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya tsare ka a hanyar Yamai, ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sauke ka lafiya. Uwarka tana gaishe ka. Ita ce za ta sa wannan wasiƙa cikin kayan da ta wanke maka, domin na san in na miƙa maka da hannuna za ka ce "to, Baba", ka ninke ta, ka manta da ita a aljihu.

Ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Kwana uku ina neman ka zauna mu yi magana, kai kuma waya ba ta barin kunnenka, da na buɗe baki sai ka ɗaga mini yatsa wai manya ne ke kira. Ni ka ɗaga wa yatsa, Sumana. To, tunda manyan sun fi ni samun kunnenka, ga magana a rubuce.

Na san da takardar da ke cikin jakarka. Eh, na buɗe jakar, ka yi fushi in ka ga dama. Na karanta ta daga sama har ƙasa. Ta ce dajin Tungan Marke, ƙauyen kakarka, fili ne da ba mai amfani da shi, kuma magada sun yarda a ba Alhaji Tanko ya kewaye shi da waya ya zuba shanunsa. A ƙasa an bar wuri, an buga sunanka, wai kai ne wakilin magada. Gobe ka kai ta Yamai ka sa hannu a falonsa, su kuma su ba ka kujera a biron matasan parti, wato kwamitin shugabanninsu, su yi maka alkawarin sa ka a lista, jerin ƴan takara, idan zaɓe ya zo. Ranar Alhamis kuma a kawo ta nan gaban masu kula da filaye. Wannan ne cinikin, ko sun gaya maka haka ko sun lulluɓe shi da zance mai daɗi.

Wakilin magada. Kai da ko hanyar ƙauyen ba ka sani ba sai an nuna maka. Dajin nan na gidan Kawu Namaiwa ne, yayan kakarka, da sauran mutanen garin. Ni kaina ba ni da taki ɗaya a ciki, balle kai. Ba gadonka suke nema ba, sunana suke so su gani a bayan naka, don mai karanta takardar ya ce ai ɗan tsohon depite ne, ɗan majalisa, jininsu ne, ya wuce. Ni na san wannan aikin, domin na yi shekaru ina yin sa. Shi ya sa zan ba ka labarin yadda na hau, ba irin wanda nake ba baƙi a zaure ba.

Ina malamin lakkwal, makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Tabla aka zo nemana in tsaya konseye, wato kansila, a komin ɗinmu, ƙaramar hukumarmu. Ba don na fi kowa hankali ba, don ina jin faransanci ne, kuma dangin uwata suna da yawa. Mutanen Tungan Marke suka fito kwansu da kwarkwatarsu suka jefa mini ƙuri'a, har tsofaffin da sai an riƙe musu hannu. Na ci. Na ɗinka sabuwar riga, na sayi jakar hannu da ba komai a cikinta sai biro biyu, ina tafiya ina jin ƙasar Kurfai ta yi mini kaɗan.

Kai da ka tashi a gari ba ka san sakin gonaki ba sai a rediyo. Idan damina ta wuce, garkunan shanu da suka hau arewa wajen Abala da Sanam suna gangarowa. Ba a barin su shiga gonaki su ci kara da harawa sai manomi ya kwashe amfaninsa. Ranar da aka ce an saki gonaki, daga ranar makiyayi yana da gaskiya in ya shiga, manomin da bai gama ba ya kuka da kansa. A Tungan Marke, tun kafin a haife ni, Kawu Namaiwa ne ke faɗin ranar, don shi ne sarkin noma. Ba a zaune yake faɗi ba. Zai bi gonaki da ƙafa, ya murza wake a tafin hannu, ya duba maiwa, wadda ba ta nuna da wuri kamar gero, ya je gonar gwauruwa da ta mara lafiya ya ga ina suka kai. Sai ya aika wa ardon Fulani ya ce kwana kaza. Haka suke yi, ba takarda, ba hatimi, kuma da wuya ka ji an fasa kan wani.

Shekarata ta biyu a konseye aka kira mu taron tsai da ranar. Kafin mu shiga, wani mutumin Alhaji Tanko ya ja ni gefe. Lokacin ban taɓa ganin Alhajin ba, sunansa kawai nake ji, babban ɗan kasuwa a Yamai mai riƙe da parti, mai shanu da yawa a hannun makiyayan haya. Mutumin ya ce ciyawa ta ƙare a arewa, shanun Alhaji suna ramewa, ana son a matso da ranar. Ya ce Alhaji ya ji labarina, yana cewa yaron nan zai yi nisa. Wallahi wannan kalmar kaɗai ta saye ni, ko goro bai ba ni ba. Muka shiga, aka karanta ranar, na riga kowa ɗaga hannu. Har na miƙe na yi jawabi da faransanci a kan zamani da tsari, cewa ba za a bar ƙasa a hannun tsofaffi masu duba wake ba. Aka tafa mini.

Ranar da muka tsayar ta riga ta Kawu da wajen mako biyu. A shekarar ruwa ya makara, waken Tungan Marke yana ɗanye, maiwa tana tsaye. Shanu suka gangaro da gaskiyarsu, don makiyayan sun ji a rediyo an saki. Dari, ɗan Kawu, ya je gonarsa da hantsi ya tarar da garke a tsakiya, abincin shekararsa yana cikin bakin shanu. Ya ɗaga ƙotar hauya ya sauke wa makiyayin a kafaɗa. Mutumin nan bai ƙara ɗaga wannan hannun ba har ya bar duniya. Dari kuma aka tafi da shi gidan kaso. Talaka biyu suka lalace, mai shanun yana Yamai, ni da na ɗaga hannu ina kan kujerata.

Kawu ya zo har ƙofar meri, ofishin komin, da sandarsa. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Garba, da kunka zamna cikin ɗakin ga naku, wa kat tambaya?"

Na ce, "Kawu, ai doka ta. Gaba ɗai anka yanke."

Ya ce, "Dokag ga taku ta taɓa shiga gonata ta murza wake ta ji ko ya bushe? Tahiyar rabin yini ta tsakaninmu. Da ka aiko, da na hwaɗa maka."

Sai na duba agogo na ce ana jirana a ciki.

Ga abin da zan gaya maka a kan wannan. Kada ka ɗaga hannu ko ka sa hannu a kan wurin da ƙafarka ba ta taka ba. In an kawo maka takarda an ce ana sauri, to saurin nan na wani ne, ba naka ba. Ka tambayi wanda zai kwana da yunwa in abin ya ɓaci, shi ne ya san gaskiyar maganar. Kuma ka ji tsoron babban mutum da ya yabe ka kafin ya san ka, domin akwai abin da ya hango a hannunka.

Alhaji Tanko bai manta da ni ba, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Da zaɓen majalisar dokoki ya zo, sunana ya fito a lista sama da mutanen da suka girme ni a parti. Ka san yadda abin yake a ƙasar nan, jama'a parti suke zaɓa, su kuma na Yamai su ne ke jera sunaye. Wanda ya jera ka shi ne ubangidanka, ba wanda ya tsaya cikin rana ya jefa ƙuri'a ba. Abin da ya fi ba ni haushi har yau, mutanen Tungan Marke sun sake zaɓe na. Dari yana kaso, suka ce ai ɗan ƴar'uwa ne, in ya hau zai fitar da shi. Ban fitar da shi ba. Ko sau ɗaya ban je na duba shi ba, don kada a ce depite yana da ɗan'uwa mai laifin jini. Shi ya gama wa'adinsa da kansa ya fito.

Kana jin ana ce mini Honorabul kana ɗauka wani abu na yi a Yamai. Bari in gaya maka aikin. Da safe shugaban rukuninmu zai faɗa mana abin da za mu zaɓa, mu shiga zaure mai sanyi mu zauna, in lokaci ya yi mu ɗaga hannu. Akwai dokokin da na amince da su ban buɗe shafin farko ba. Akwai ranar da aka kawo maganar filayen kiwo da na noma, abin da na sani fiye da duk wanda ke ɗakin, na rubuta abin da zan faɗa har shafi biyu. Aka leƙo aka ce mini Alhaji ba ya son a ja maganar. Na ninke takardata na zauna a kanta. Tumbina ya fito, wuyana ya yi kauri, uwarka tana ce mini na yi kyau, ni kuma na yarda.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Wata Juma'a bayan masallaci muna cin abinci a gidan Alhaji Tanko, manyan parti da wasu malamai, sai mai gadi ya ce wani yana nemana, ya je gidana an turo shi nan. Kafin in tashi sai ga Dari a bakin falo. Rigar saƙi ce a jikinsa, ta koɗe, ga layu a damtse, ga ƙurar mota har gira. Ka san mutanen Tungan Marke da yawansu suna kan al'adar kakanni, suna da wurin yankansu a dajin nan, suna da masu bori. Kowa a falon ya gane haka da kallo ɗaya.

Dari taubashina ne, ɗan kawuna. Tun muna yara ba ya kirana sai "bawana", ni in ce masa "ɓarawon hura". Ko a gaban sarki yana da ikon ya cire mini hula ya ce sai na fanshe ta, ba mai cewa don me. Na ga bakinsa ya fara motsi zai yi irin wasan, duk da abin da na yi masa. Sai wani malami da ke gefena ya tambaye ni, "Honorabul, wane na wanga?"

Na ce, "Wani na daga ƙauyen arna, cikin masu jefa muna ƙuri'a."

A kunnensa na faɗa. Dari ya tsaya ya dube ni. Sai ya durƙusa, abin da bai taɓa yi mini ba, ya ce, "Gaskiya na, Honorabul. Allah shi ƙara girma. Gaisuwa ɗai niz zo yi." Ya tashi ya fita. Na koma na ci gaba da cin shinkafata.

Bayan kwana tara aka aiko mini Kawu Namaiwa ya rasu. Sai a wurin gaisuwa na ji abin da ya kai Dari Yamai. Tsohon ne yana kwance ya ce a kira masa ɗan ƙanwarsa, yana son ya gan ni kafin ya tafi. Dari ya sayar da akuya ya hau mota don ya faɗa mini wannan, ni kuma na sallame shi da kalma ɗaya don kada malamin da ko sunansa na manta ya raina ni. Daga ranar har yau Dari bai ƙara yi mini wasa ba. Honorabul yake ce mini, da ladabi, kuma duk lokacin da ya faɗa sai na ji da ma mari ya yi mini.

Ni musulmi ne, Sumana, a kan haka na tashe ka, kuma ban ce ka je ka yi abin da suke yi a dajin ba. Amma ba addini ne ya sa na musanta Dari ba, kada in yi wa Allah ƙarya. Kunya ce ta banza da son a ce ni wayayye ne. Za ka shiga falo irin wannan a Yamai. Za ka ga masu ƙamshin turare da za su sa ka ji ƙauyen kakarka abin ɓoyewa ne. In naka ya zo wurinka, ko da wane kaya a jikinsa, ka miƙe tsaye ka faɗi sunansa da abin da yake a gare ka, da ƙarfi, kowa ya ji. Wanda zai raina ka don haka dama bai ɗauke ka komai ba. Kuma ka tambayi mutum abin da ya kawo shi kafin ka sallame shi.

Kana tsammani daga nan na yi hankali? Ko kaɗan. Na ƙara hawa. Na yi majalisa sau biyu, a babban taron parti aka naɗa ni mataimakin shugaba mai kula da yankinmu. Sai ga shi ni ne mai jera sunaye. Mutane suna kwana a ƙofar gidana, maroƙa suna kirana ginshiƙin Kurfai, kai kana ƙarami kana jin daɗi ana ɗaga ka sama. Ka tuna wannan zamanin da kyau, na sani, shi ne ma yake ja ka yanzu.

A lokacin akwai wata malamar lakkwal, Malama Zali, mutuniyar wajen Damana da aure ya kawo ta ƙasarmu. Ita ta bi ƙauyuka a bayan babur tana haɗa manoma da ardo-ardo, tana cewa a maido da tsai da ranar sakin gonaki hannun waɗanda ke bin gonakin da ƙafa, hukuma ta sa hatimi kawai. Rassan parti na ƙauyuka suka taru suka zaɓe ta a kan ta shiga lista. Na halarci taron, na ga hannuwa a sama da idona, na rungumi takardar sakamakon na ce zan kai Yamai. Abin da take nema shi ne daidai abin da zai gyara ɓarnar da na yi ina konseye. Na san haka sarai.

Ina hanya Alhaji Tanko ya kira ni. Bai yi dogon zance ba, ya ce matar nan za ta dame mu, a sa wata. Ya ba ni sunan wata ƴar abokinsa da rabonta da Filinge tun tana goye. Na tsaya a gefen hanya, na ɗora takardar a kan mota, na ja layi a kan sunan Malama Zali da birona. Da ta zo tambaya na ce mata daga sama ne. Ta ce, "Alhaji, kai na sama ga wurinmu. In akwai wani sama bisa gare ka, mi kaka yi nan?" Na ce a ba ta ruwa ta sha, na shige ciki.

Yadda na yi mata haka aka yi mini. Da gwiwoyina suka fara ciwo, na fara yawan tambaya a taro, sai wata safiya ina karyawa na ji a rediyo an sabunta biron parti. Aka karanta sunaye har ƙarshe, ban ji nawa ba. Ba wanda ya kira ni kafin, ba wanda ya kira ni bayan. Na buga wa Alhaji Tanko, aka ce yana wanka. Shekara nawa ke nan, har yau bai fito daga wankan ba. Ƙofar gidan nan da ba a samun wurin ajiye takalmi, cikin mako guda ta koma sai awaki. Ban yi mamaki ba, don na san biron da aka ja mini layi da shi, irin nawa ne.

Saboda haka in sun ce maka daga sama ne, ka tambaya wane ne saman, sunansa. In kai aka ba ikon jera mutane, ka kai abin da jama'a suka ba ka yadda suka ba ka, ko ka ajiye aikin ka dawo gida. Kujerar da aka ba ka don ka yi shiru, ranar da ka yi tari za a karɓe ta. Ban hana ka siyasa ba. Ƙasar nan tana bukatar masu ilimi a meri da majalisa, kuma kana da kai, ka fi ni. Amma ka fara daga inda mutane za su iya zuwa ƙofarka su zage ka in ka yi ba daidai ba, kada ka fara daga falon wani.

Malama Zali ce ta zo ta faɗa mini zancen takardarka, ranar Laraba. Ta tsufa ita ma, amma bakin yana nan. Na ce ta shigo, ta ƙi, a tsaye ta yi maganar a ƙofar zaure. Ta ce, "Ɗiyanka za shi gama abin da kah hwara. Na ce in hwaɗa maka, kar ka ce ba ka jiya ba." Ta juya ta tafi.

Ka san me ke cikin dajin nan da takardarku ta ce ba mai amfani da shi? Nan matan garin ke samun ganye da ƴaƴan itace in rumbu ya yi ƙasa kafin sabon hatsi. Nan suke itacen girki. Ta gefensa burtali ya bi, hanyar da shanun kowa ke wucewa zuwa rijiya ba tare da sun taka gona ba, in aka sa waya sai su bi ta cikin gonaki, kuma na riga na gaya maka abin da ke biyo bayan haka. Nan kakannin kakarka suke kwance. Nan Kawu Namaiwa yake. Wanda ya rubuta cewa ba kowa a wurin bai taɓa zuwa ba, ko kuma ya je ya ga mutanen bai ɗauke su mutane ba. Ni abin da ya ƙona mini rai, da ɗana za a yi wannan, kuma ɗan nawa yana murna har yana sayen sabon takalmi.

Shekaranjiya na hau motar kasuwa na tafi Tungan Marke. Rabona da garin tun gaisuwar Kawu. Na tarar da Dari a gindin bishiya yana gyaran igiya, gashinsa ya yi fari fat, shi ne sarkin noma yanzu. Na yi sallama, ya amsa, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma nesa da tasa. Na faɗa masa komai a gaban mutanen da ke wurin. Na ce ni na ɗaga hannu aka saki gonaki kan wakensa, da sanina, don a yabe ni. Na ce ni na bar shi a kaso. Na ce abin da na faɗa a falon nan ƙarya ne, shi ɗan kawuna ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Tsofaffi suna ji, mata suna leƙe ta kan darni. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma da ma tun da ƙarfina na ji ta.

Dari ya ajiye igiyar. Sai ya ce, "Mun jiya, Honorabul. Wanga duk ya wuce, ba shi maido kowa. Dajin ɗai nika tambaya. Yaron ga naka, shina sa hannu ko ba shi sawa?"

Na ce ban sani ba. Ka ji abin da ka mai da ni, Sumana. An tambaye ni halin ɗana na ce ban sani ba.

Bai yafe mini ba, ban kuma roƙe shi ya yafe ba. Amma mun yi abu ɗaya tare. Mun zauna da shi da Malama Zali da ardon wurin, na rubuta takardar ƙin yarda da sunan mutanen garin, suka dangwala yatsa, gobe da safe zan kai ta wurin masu kula da filaye da kaina. Ranar Alhamis za a saurari ɓangare biyu. Za a karanta takardar Alhaji Tanko da ƙarfi a gaban jama'a, har da sunan wanda ya sa hannu a madadin magada.

In wurin sa hannun nan ya zo babu komai, takardar ba ta da ƙafar tsayawa, don ba wani jinin gidan da zai sa musu hannu, sun gwada sun rasa, shi ya sa suka zo gare ka. Za ka rasa kujerar biro, za su daina ɗaukar wayarka, wataƙila ka dawo Filinge a motar kasuwa ana yi maka dariya. Na san da zafi. Ka dawo, akwai tuwo a gidan nan, kuma zan fita har bakin hanya in tarye ka.

In kuma ya zo da sa hannunka, to ka sani tun yanzu, don kada ka ce na yi maka ba-zata. Zan miƙe a gaban masu kula da filaye da mutanen Tungan Marke da duk wanda ya zo kallo, in ce wannan yaron ɗana ne, ni na haife shi, kuma abin da ya sa wa hannu ƙarya ne, ba shi da gado a dajin nan, an saye shi ne da kujera kamar yadda aka sayi ubansa. Zan faɗa da bakina, da hausa, don kowa ya ji. Bayan wannan ba mai sake yarda da sa hannunka a ƙasar Kurfai, kuma ni ne zan yi maka haka. Uwarka ta yi kuka ta ce in rufa maka asiri. Na ce mata na rufa wa kaina asiri shekara da shekaru, ga abin da ya haifar. Ina son ka fiye da yadda na iya nunawa, kuma Allah ya sani gara a yanke mini hannu da in tsaya in yi wannan. Amma zan tsaya.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da mugun abokin shawara. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar da ni ban samu ba sai da na tsufa. Ka riƙe salla, ka ci abinci a kan lokaci, ka kira uwarka in ka sauka. Ni ba sai ka kira ni ba, ranar Alhamis zan ji amsarka a bakin mai karanta takarda.

Ubanka,
Garba